Obo ɗinka na yawo da murya? Ga yadda ake gano ko rid ne ko icen ne

Duk mai busa obo, wato kayan busan nan na ice mai kama da algaita, ya san wannan ciwon kan, ka busa muryar A ta zauna daram a kan tiyuna, na'urar da ke auna murya, ka hau C ta zube, ka je E ta haye sama kamar an tsikare ta, gobe kuma ka ɗauko kayan nan dai ka tarar abin ya sauya salo. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke saurin zaro wuƙa su hau kankare rid, wato ɗan karan nan mai harshe biyu da ake busawa, ko su ɗauko sukudireba su hau murɗe-murɗe, alhali ba su ma gano inda matsalar take ba. Ni ma na taɓa lalata rid uku a sati ɗaya ina ta kankara saboda ƙananan muryoyina sun ƙi zama, ashe wani ɗan matoshi ne cikin masu rufe ramukan gaɓar sama ta obo yake sakin iska, rid ɗin ba su da laifin komai, kuma har yau ina jin zafin asarar nan don biyu daga cikinsu masu kyau ne sosai. Shi ya sa nake so mu bi abin daki-daki, kuma kowane lokaci abu ɗaya tak za ka canza sannan ka sake gwadawa.

Fara da ɗumama kayan

Kafin ka zargi komai, obo mai sanyi muryarsa ƙasa take, haka halittar iska take, duk digiri ɗaya da iskar cikin bututun ta ƙara zafi muryar na hawa da wajen senti 3, kuma senti 100 ne tsakanin murya da maƙwabciyarta ta kusa, ka ga ke nan bambancin digiri biyar ko shida ba ƙaramin abu ba ne. Sa gaɓar sama a hammata ko ka riƙe ta a tafin hannu na ɗan lokaci, ka busa minti biyar zuwa goma tukunna ka kalli tiyuna. Kar ka hura iska mai zafi cikin ice mai sanyi kai tsaye, haka ake tsaga shi. Sannan duba tiyunar kanta, an saita A ɗinta a girgiza 440 a sakan ne ko 442? Amurka da Ingila galibi 440 suke bi, ƙasashen Turai da yawa 442 ko 443, tsakanin 440 da 442 kuwa kusan senti 8 ne, ya isa ya sa ka yi ta faɗa da rid ɗin da ba shi da matsala.

Rid ɗin kuma, tura shi ya shige har ƙarshen raminsa. Wasu na zaro shi kaɗan wai don su saukar da murya, toh zai sauka amma ba daidai wa daida ba, muryoyin da ke fita ta ramukan sama kamar B da C su za su fi zubewa, na ƙasa su ɗan motsa kaɗan, ga kuma gurbin da ka bari a cikin bututun yana dagula komai. Leƙa ramin ma, datti da man da ake shafa wa kok, wato ɓawon icen nan mai laushi da ke naɗe a gindin rid, sukan taru a gindinsa su hana rid zama.

Kai da kanka

Wannan ba a son ji amma dole a faɗa. Jiƙa rid minti biyu zuwa uku a ruwa mai ɗan ɗumi, sa shi a baki shi kaɗai ba tare da obo ba, a daidai inda kake riƙe shi in kana busa, ka ja murya ɗaya sakan goma kana kallon tiyuna. In allurar na rawa a nan, toh iskarka ce ko leɓenka, ba ruwan sukuru. Cizo yana kai murya sama, cusa rid da yawa a baki shi ma sama, iska mara ƙarfi kuma tana zubar da ita musamman a muryoyin sama. Mutane da yawa in sun zo rage ƙara sai su matse baki muryar ta hau, wasu kuma su saki iskar ta faɗi. Kuma in leɓe ya gaji bayan awa ɗaya komai zai lalace, ka huta, ba lokacin yanke hukunci a kan rid ba ne.

Gwaji mafi sauƙi da na sani: ajiye rid uku. In C ɗin ta zube da ɗaya kaɗai, rid ne. In ta zube da duka ukun, ko kayan ne ko kai ne, sai ka ba wani da ya iya ya busa obo ɗinka da nasa rid, kai ma ka busa nasa. Minti biyar kun gano mai laifi.

Rid, inda yawancin rigimar take

A nan zan daɗe don gaskiya mafi yawan lokaci nan ne. Fara da abin da ido da rula za su nuna maka. Bututun ƙarfen da ake ɗaure karan a kai yawanci milimita 47 ne, zaren bai kamata ya wuce ƙarshensa ba ko da zagaye ɗaya, auna daga gindin kok zuwa inda zare ya tsaya, in ya haura 47 zaren ya shaƙe karan kuma babu kankarar da za ta gyara shi. Tsawon rid gaba ɗaya, irin na Amurka mai doguwar kankara wanda ya samo asali daga Marcel Tabuteau na ƙungiyar makaɗan Philadelphia, wajen milimita 70 ne, irin na Turai mai gajerar kankara ya kan kai 72. Ka san irin wanda ke hannunka don dokokinsu ba ɗaya ba ne.

Sai yoyo. Toshe gindin rid da yatsa, sa bakinsa a bakinka ka hura a hankali, sannan ka tsotsa. In ka ji iska na fita kusa da zare, ana iya naɗe wurin da farin tef ɗin masu gyaran famfo ko siririyar fatar nan da ake sayarwa don haka, ya ci gaba da aiki. In kuwa gefunan ne suka rabu can kusa da baki, ka haƙura da shi kawai, rid mai yoyo a sama ba ya taɓa tsayawa wuri ɗaya, yau ya yi gobe ya ƙi.

Yanzu cara. Sa rid a baki har leɓe ya taɓa zare, kar ka matse, fara hurawa a hankali kana ƙara ƙarfi. Da farko za ka ji siririyar murya daga bakin karan, in ka ƙara iska sai wata ta ƙasa ta shigo. A rid ɗin Amurka abin da ake nema C ne biyu, ɗaya a saman ɗaya, tsaf babu hayaniya, na Turai carar su takan ɗan fi ƙasa. Cara ta fito B ko ƙasa da haka tana karkarwa kamar tsohon inji, wannan rid zai sa ka yi ta cizo don ka ɗaga shi, kuma cizon nan shi ne tushen yawon muryar, don ba za ka iya cizo iri ɗaya a kowace murya ba. Cara ta fito C-shaf, wato muryar da ke ɗan sama da C, ko D, siririya guda ɗaya, wannan a matse yake, sama zai riƙa zuwa kuma ƙananan muryoyi za su yi maka gardama.

Kafin wuƙa, dubi buɗewar bakin. In ya wage da yawa muryar za ta yi ƙasa kuma ya yi wuyar riƙewa, sau da yawa jiƙa shi aka yi ya wuce kima. Bayan ya jiƙu sosai, kama shi da yatsu biyu a baya kusa da zare ka matse a hankali ka riƙe ɗan lokaci, busasshen rid kam kar ka kuskura, tsagewa zai yi nan take. In kuma bakin ya rufe ne, ƙara masa lokaci a ruwa, ka ɗan matsa gefe da gefe ya buɗe. Masu rid ɗin Turai da ke da waya sun huta, wayar ake ɗan matsawa, daga sama da ƙasa ta rufe, daga gefe ta buɗe. Tsohon rid kuwa da ya sha aiki yakan rufe ya yi sama, ka wanke cikinsa da ruwa ya ɗan farfaɗo kwana ɗaya ko biyu, amma kwanansa ya ƙare.

Ga gwajin da na fi yarda da shi bayan cara. Busa A ta tsakiya, danna maɓallin okteb na gefe ta hau A ta sama (okteb shi ne tazarar murya da takwararta ta sama), ba tare da ka motsa leɓe ko kaɗan ba, yi haka da B da C. In na saman sun rataye ƙasa sai ka tallafe su da baki, rid ɗin ya yi sako-sako. Maganinsa datse baki. Ɗora bakin a kan ɗan katakon yanka, da sabuwar reza ka cire abin da bai fi kaurin gashi ba, wallahi kaurin gashi nake nufi, abin da ka cire ya kamata da ƙyar ka gan shi a kan katakon. Yi cara, sa a obo, gwada. Bai isa ba ka sake. Kowace datsa tana ɗaga murya tana kuma ƙara tauri, in ya yi maka tauri sai ka sa ɗan fallen ƙarfen nan tsakanin harsunan ka ɗan share kusurwoyi biyu na bakin, ba tsakiya ba. In ka datse har ya koma ƙasa da 69 amma cara ba ta hau ba, matsalar daga wurin ɗauri ko faɗin karan take, bar shi.

Rid da ya yi sama kuma buɗe baki bai gyara shi ba, sai a ɗan rage baya, wato wuraren nan biyu da ke gefen gadon tsakiya, ja biyu ko uku da wuƙa a kowane ɓangare cikin huɗun, daidai da daidai. Amma don Allah a kula da abubuwa uku: gadon tsakiya, ɓawon gefuna, da zuciya, wato wurin nan mai kauri da ke bayan baki. Su ne ke riƙe da rid. Ka cinye zuciya za ka ji daɗinsa minti biyar, yana amsawa da sauƙi, sannan ka tarar kowace murya tana lilo kuma abin da wuƙa ta ɗauke ba ya dawowa. Ɗaga rid a gaban fitila ka duba, inuwar ɓangaren hagu ta yi daidai da ta dama? Juya ɗaya harshen ma haka? Sau tari rid mai yawo ɓangare ɗaya ne ya fi kauri, ka daidaita shi kawai ya nutsu. Kuma wuƙa mai dakushi ba ta kankara, danne karan take yi, wasa ta kafin ka fara.

In duk rid ɗin da ka ɗaura ƙasa yake zuwa a obo ɗinka, gwada bututu mai milimita 46, ko siffar kara da ta fi siranta. Kuma duba tsofaffin bututunka a kan ƙarfen da ake zura su a kai lokacin ɗauri, wanda bakinsa ya lanƙwashe ko ya yi datti a ciki zai ɓata sabon kara mai kyau.

Sai icen kansa

Rid uku sun nuna matsala iri ɗaya, wani ya busa shi ma ya ji, toh yanzu ne za a juyo kan obo. Fara da abin da ba ya buƙatar sukudireba. Haɗa gaɓoɓin ka duba ƙarafan da ke haɗa gaɓar sama da ta ƙasa, sun yi layi ɗaya? Karkacewa kaɗan ta isa ta canza B-filat, wato muryar da ke ɗan ƙasa da B, da kuma C. Girgiza mahaɗar a hankali, in tana motsi kok ɗinta ya lotse, kuma muddin tana motsi duk saitin da ka yi zai riƙa gudu, sai an sake kok.

Ruwa shi ne na biyu. Muryar da ke gurgura, ko ta yi tsalle zuwa okteb ɗin da ba ka nema ba, kusan kullum ruwa ne a ƙananan ramukan okteb ko a ƙarƙashin wani ɗan matoshi. Ka tuna rabon aikinsu, rabin rami, wato ɗan tsagin da yatsan hagu na farko ke zamewa ya buɗe, na C-shaf da D da E-filat ne, maɓallin babban yatsa daga E zuwa G-shaf, na gefe daga A zuwa C, da haka za ka san inda za ka nufa. Zare gaɓar sama, goge cikinta da ƙyallen sharewa, sa takardar naɗa taba mara gam a ƙarƙashin matoshin, toshe gindin gaɓar da duk ramuka, buɗe maɓallin ka hura da ƙarfi ta sama, za ka ga takardar ta jiƙe. In kullum wuri ɗaya ke tara ruwa akwai datti a ramin da ke jawo shi. Ɗan tsagin da ke kan maɓallin rabin rami shi ma yakan cika da dattin yatsa, D ta fara fashewa, share shi da tsinke mai laushi ko gashin tsuntsu. Dattin da ya taru a bakin kowane rami yana rage faɗinsa, muryar ta yi ƙasa ta dushe.

Sannan gwajin tsotsa. Gaɓar sama ita kaɗai, yatsun hagu uku a kan maɓallansu, toshe gindi da yatsan dama ko tafin hannu, tsotse iskar ta ramin rid ka bar leɓe ya manne. Lafiyayyen obo zai riƙe ka sakanni da dama, in ka cire ka ji ɗan "ɓas". In ya sake ka nan da nan akwai yoyo. Haka za ka yi wa gaɓar ƙasa, ka haɗa da maɓallin C da B na ƙasa. Yoyo a gaɓar sama shi ne mugu, don duk muryar da ke ƙasa da shi sai ta ji a jikinta, kai kuma ba ka sani ba kana ta danna yatsu da ƙarfi kana cizo don su fito.

Don gano wurin, yanka takardar taba siririya mai tsini, sa ta ƙarƙashin matoshi, rufe da irin ƙarfin da kake busa da shi, kar ka ƙara, sai ka ja a hankali ka ji yadda ya kama ta. Gwada kusurwa huɗu na matoshin, in ya kama a gaba ya saki a baya wannan ba aikin sukuru ba ne, matoshin ne bai zauna ba, sai mai gyara.

Aikin sukuru shi ne daidaita babban maɓallin da yatsanka ke dannawa da ƙaramin da yake rufewa tare da shi. A obo irin tsarin Faransa da kusan kowa ke amfani da shi, Lorée ne ko Marigaux ko Howarth ko Yamaha, in ka danna F-shaf da yatsan dama na farko za ka ga ƙananan matosai biyu sun ɗaga a gaɓar sama, na C da na B-filat. Riƙe F-shaf ɗin, danna maɓallin A, shi zai rufe na C, gwada takarda a ƙarƙashin duka biyun. Danna G, shi zai rufe na B-filat, gwada su ma. Abin da ake so su kama takarda kusan daidai, babban ya ɗan fi kaɗan. Ƙaramin ya saki, iska na fita ta nan. Ƙaramin ya kama gam babban ya saki, sukurun ya matse da yawa. A gaɓar ƙasa ma akwai irin wannan, ɗan matoshin da ke tsakanin F-shaf da E, wanda maɓallin E da na D duka suke rufewa, kowanne da nasa sukurun, shi ne ya fi yawan hana D da C na ƙasa fitowa lafiya.

Yadda ake murɗawa kuwa, ɗauki hoton kan sukurun da waya kafin ka taɓa shi don ka san inda tsaginsa yake kallo. Ka ɗauke shi kamar fuskar agogo, tafiyar minti biyu ko uku ita ce murɗa ɗaya, kwata ɗin zagaye ya yi yawa ƙwarai. Galibi murɗawa dama tana ƙara matse ƙaramin. Murɗa, takarda, busa. Bai gyaru ba mayar da shi inda yake kafin ka koma wani, in ba haka ba za ka wayi gari da sukuru biyar da ba ka san asalinsu ba. Kuma sukudireba ta zama daidai da tsagin, ka tallafe hannunka kar ta zame ta karce icen.

Akwai wanda ake yawan mantawa, mai haɗa F-shaf da G-shaf. Busa D ta ƙasa, kana cikin busawa ka taɓa maɓallin G-shaf da ƙaramin yatsan hagu. Bai kamata komai ya canza ba. In muryar ta girgiza sukurun ya saki, in kuma ka matse shi ya wuce, maɓallin F-shaf ba zai rufu ba duk ƙasan obo ya mutu, saboda haka a hankali.

Tsayin da matoshi ke ɗagawa shi ma yana taɓa murya, ya yi ƙasa da yawa muryar ta sauka ta toshe, ya ɗaga da yawa ta hau ta yi tsawa. C ta tsakiya ita ta fi nuna wannan don bututunta gajere ne, komai ƙanƙantar canji sai ta amsa, shi ya sa nake fara sauraronta duk lokacin da na karɓi obo. Wasu kayan suna da sukurun tsayi a nan, amma sai ka tabbatar rid ɗinka tsayayye ne kafin ka taɓa, kar ka saita ice mai shekara ashirin a kan karan da zai mutu jibi. F ɗin da ake yi da yatsa na farko da na uku ita ma, in obo ɗinka na da ɗan maɓallin da ke buɗe mata da kansa, daina ƙara maɓallin E-filat, sama za ta tafi, in ba shi da shi kuma toh E-filat ɗin ne zai buɗe mata murya.

Wasu abubuwan kuma halin obo ne kawai, E da G na okteb na biyu suna son hawa, can ƙasa B da B-filat suna son sauka, waɗannan da kunne da leɓe ake lallaɓa su. Kunna murya ɗaya mai tsayawa a waya ka riƙa busa sikeli, wato jerin muryoyi bi da bi, a kanta a hankali ido a rufe, ya fi zuba wa allura ido, don a cikin ƙungiya ma ba kullum tsakiyar tiyuna ce daidai ba, in kai ne ke riƙe da ta uku a babban haɗin murya sai ka sauko wajen senti 14 kafin ta zauna da sauran.

Inda zan ce ka tsaya ka kai wa mai gyara: matoshin da ya tsage ko ya karkace, sifirin da ya mutu, cire ramukan okteb in ba ka da abin kwance su, da duk wani aikin faɗaɗa rami ko rage shi. Sai tsagewar ice, in obo da yake lafiya jiya ya tashi yau gaba ɗaya ya rikice kuma gwajin tsotsa ya faɗi, kai shi gaban fitila mai haske ka duba gaɓar sama da kyau, musamman tsakanin ƙananan ramuka biyun nan na can sama da kewayen ramukan okteb, za ka ga layi siriri kamar gashi yana bin tsawon icen. Ka gan shi ka daina busawa, goge cikin, ka zana layin da fensir daga farko zuwa ƙarshe don yakan rufe ya ɓace in icen ya huta, mai gyaran ya samu inda zai bi.